Ɗiyar Mai Haƙar Rijiya

Maska,
ta hannun Pius mai kayan gini, Funtua.
9 ga Mayu, 1983.

Zuwa ga 'yar'uwata Hansai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. In kin tambaye mu, muna nan da sauƙi, sai zafin gari da zafin rashi. Takardarki ta ta'aziyya ta iso, Pius ya ba mai babur ya kawo mani har gida. Na san Ilori da nisa, ban riƙe ki a rai ba don ba ki zo ba.

Kin tambayi yadda abin ya faru. Wata tsohuwar rijiya maigidana yake yasa a gona wajen Musawa, gefenta ya rufta mashi. An fito da shi da sauran numfashi, amma bai kai asibiti ba. Da safen ranar ya sha kunu ya ce tsamiya ta yi yawa, na ce in bai so ya aje. Ƙarshen maganarmu ke nan. Har yau in zan dama kunu sai hannuna ya rage tsamiya, alhali ba mai ƙorafi.

Hansai, ke kika yi boko, ni a aji huɗu aka tsaya da ni. Kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka ba zan ji kunyar tambayarki ba.

Kin san Barakatu tana hannun wan ubanta, Yaya Alhaji Maiwada, tun tana aji ɗaya. Yanzu tana makarantar kwana a Malumfashi, baɗi za ta gama. An ce masu kafin ƙarshen shekarar nan za a aika da sunayen masu jarrabawar fita, kuma sunan da aka aika shi ne zai bi mutum har tsufa, ba a gogewa. Ta zo ranar sadakar arba'in. Da mutane suka watse tana taya ni wanke kwanoni, sai ta ce, "Inna, Baba Alhaji ya ce a sa sunanshi a takardata."

Na ce, "Na ubanki fa?"

Ta ce, "Inna, ba za ki gane ba. Sunan Baba Alhaji risfektabul ne."

Na sa ta rubuta mani kalmar a bayan kwalin sukari, ga ta nan na kwafo harafi harafi: respectable. Na ce ta fassara, ta ce ba ta fassaruwa.

Daga baya na gane inda abin ya samo asali. Bara marigayi ya je ganin ta a makaranta daga wurin aiki, ƙafa duk jar laka, da damin rake a ka, ya tsaya bakin ƙofa yana ƙwala mata kira. Tun ranar 'yan ajinsu ke ce mata 'Yar Taɓo.

Ban yi mata faɗa ba. Yaya Alhaji kuwa bai taɓa bambanta ta da 'ya'yan cikinshi ba, ba ni da bakin zarginshi. Amma ki duba, haihuwa huɗu na yi, ita kaɗai ta tsaya. Marigayi bai bar shago ba, bai bar mota mai rubutu a goshi ba. In aka cire sunanshi daga takardar yarinyar nan, ba sauran wurin da za a ƙara rubuta shi a duniya.

To ki gaya mani gaskiya, ke da kike koyar da Turanci. Mene ne wannan risfektabul? Kuma shi ubanta ba shi da ita ne?

Ki gaida Malam. Ki shafa mani kan yara.

Taki,
Lauratu

*

Ilori,
21 ga Yuni, 1983.

Yaya Laure,

Barkanmu da shan ruwa. Muna lafiya, sai ƙaramin ne ya yi ƙyanda, ya warke. Na buɗe takardarki a ɗakin malamai, da na kai wurin kunu sai da na fita waje. Allah ya jiƙan Mudi, ya ba ki haƙuri.

Ashe har yanzu kina nan da halinki na ajinmu, ba ki barin malami ya wuce sai ya faɗi dalili. To ga shi. Inda mu za mu ce mutumin kirki ko mai mutunci mu wuce, Turawa sun rarraba abin, kowace kalma da inda take kallo.

Respectable shi ne wanda in ya shigo wuri ake gyara zama. Ana duba rigarsa da gidansa da sana'arsa da mutanen da yake zama da su. Kalma ce ta idon jama'a. Mai ita yana iya zama na kirki, yana iya zama ba na kirki ba, ita dai ba ta leƙa ciki.

Akwai proper. Wannan shi ne mai yin komai yadda aka tsara, ya san rigar zuwa suna, ya san wurin da ba a dariya da ƙarfi.

Akwai kuma decent. Ita ƙarama ce a bakinsu, har takalmi ko abinci suna kira da ita in ba shi da laifi. Amma in aka faɗe ta a kan mutum, ana nufin wanda in zanin mace ya zame a hanya zai kau da kai, kuma ba zai ba kowa labari ba. Ba ta buƙatar 'yan kallo.

Kin ce in faɗi gaskiya. A yadda suke amfani da kalmar, ba za su ce da Mudi respectable ba, Alhaji Maiwada za su ce wa. Proper ma, ke kin san mijinki. Ranar sunan ɗana na fari ya zo da gajeren wando, ya zauna tsakiyar malamai ya cinye tuwonsa, ya ce aiki na jiransa. Ta ukun ce tasa, kuma ban san wanda ya fi shi ita ba.

Shawarata, kada ki ɓata da Alhaji a kan wannan. Yarinya tana buƙatarsa, ke ma haka. 'Yan aji kuma bakinsu da zafi a wannan shekarun, ni da nake cikinsu kullum na sani. Ki bi ta a hankali.

Ƙanwarki,
Hansai

*

Ilori,
5 ga Agusta, 1983.

Yaya Laure,

Gaisuwa da fatan alheri. Sallah ta zo ta wuce ban ji daga gare ki ba. Kullum sai na leƙa akwatin makaranta, har masinja ya fara yi mini dariya. Ko takardata ba ta iso ba ne? Ko jikin ne? Na ji a rediyo ruwa ya yi ƙaranci wajenku, hankalina bai kwanta ba. In ba ki da sukunin rubutu, ki sa Pius ya rubuto layi biyu.

Hansai

*

Maska,
17 ga Agusta, 1983.

Hansai,

Muna lafiya. Na fita takaba farkon watan nan. Ruwa kam ya yi wuya, masara ta naɗe ganye, dawa ce ke ɗan jurewa.

Takardunki duka biyu sun iso. Shirun da gangan na yi, don in na rubuto a lokacin da ban rubuta mai daɗi ba.

Rubutunki na haɗe ne, irin na manyan malamai, na juya shi sama da ƙasa ban iya ba. Na aje har Barakatu ta zo hutu, na ce ta karanta mani. Tana cikin karatu ta zo wurin da kika ce ba za su ce da shi risfektabul ba. Sai ta tsaya ta ɗago kai ta ce, "Kin ji ko, Inna? Inna Hansai ma malamar Turanci ce ta faɗa." Sauran ta bi ta kanshi da gudu kamar mai tsallake kwata.

Ni na ce ki faɗi gaskiya, ban manta ba. Amma na aiko neman wanda zai riƙe mani hannu, sai na ga kin miƙa wa yarinya sanda. Yaya Alhaji kin ba shi babbar kalma. Mutumin da na zauna da shi tun ina budurwa kin ba shi wadda ake ba takalmi. Har da tuno gajeren wando. Ranar nan daga rijiyar gidan kawunki ya taho, in kin manta, kuma bai so ya ƙi zuwa ne don ke.

Ba na fushi yanzu, amma na yi. Na kwana biyu in na ga kwalin sukarin nan sai in juya shi.

Jibi in Allah ya so zan fara zagayen godiya ga waɗanda suka zo gaisuwa. Da yawansu ban san su ba, mutanen da ya yi wa aiki ne, daga Bakori har Funtua. Zan tafi da Barakatu ta riƙe mani kaya, ko da tana kumbure-kumbure. Ta ce takalminta na makaranta zai lalace. Na ce ta cire ta riƙe a hannu.

In za ki rubuto, ki rarraba haruffan.

Lauratu

*

Ilori,
29 ga Agusta, 1983.

Yaya Laure,

Ga shi na rarraba, kamar allon 'yan aji ɗaya. Ki yafe mini. Ban kawo a raina yarinyar ce za ta karanta ba, da na san haka da ba da wannan layin na fara ba. Maganar wando kuma don ki yi dariya na yi ta, na manta ba lokacinta ba ne.

Amma ba zan janye ma'anar ba, don in na janye na yi miki ƙarya. Abu ɗaya zan gyara. Da na ce decent ƙarama ce, ina nufin ba ta da kwalliya, ba wai ba ta da nauyi ba. Malamin da ya koya mana Turanci a kwaleji, Bature ne tsoho, in yana son ya yabi mutum yabon ƙarshe, ita kaɗai yake faɗa.

In kina so in rubuta wa Barakatu da kaina, ki gaya mini.

Ƙanwarki mai laifi,
Hansai

*

Maska,
26 ga Satumba, 1983.

'Yar'uwata Hansai,

Barka da Sallah. Na karanta takardarki da kaina tun daga sama har ƙasa, ba wanda ya taya ni. Na yafe, ke ma ki yafe mani zafin baki. Kada ki rubuta wa yarinyar, ki bari tukuna. Ga labarin zagayenmu.

Kin san abin mamaki? Ni da na zauna da mutumin nan, ban taɓa ganin shi a bakin aiki ba. Ya fita da dagi da igiya, ya dawo da laka, iyakar sanina ke nan.

A Bakori muka sauka gidan wani Malam Shitu. Gida ne na kulle sosai, ko mai tallan gishiri ba ya wuce zaure. Uwargidan, Hajiya Tasalla, tsohuwa ce mai ban dariya. Da ta ji ko su wa ne mu, ta kama hannun Barakatu ta ja ta har bakin rijiyar tsakar gida, ta ce, "Leƙa. Ubanki ne ya yi wannan. Shi kaɗai ne baƙon namijin da ya taɓa wuni a gidan nan Malam yana kasuwa."

Ta ce ranar da ya fara zuwa, kafin ya sa dagi a ƙasa, sai da ya sa aka kewaye wurin da zana. Bai shigo da kowa ba, samarin gidan ke ja mashi ƙasa. In zai fito kuma, tun yana can ƙasa zai fara waƙa, "Kwaɗo zai fito, a ba kwaɗo hanya," ya yi ta maimaitawa har sai ya ji mata sun shige ɗaki. Hajiya ta kwaikwayi muryarshi, matan gidan suka kwashe da dariya. Barakatu ta sunkuyar da kai, na ga kunya ta kama ta. Hajiya ta dungure mata kai ta ce, "Ke 'yar boko, kunyar me? Wata guda ya yi a nan, ko ni da na isa haihuwarshi bai san kalar fuskata ba. A kasuwa na gaishe shi ya ce wace ce."

Da za mu tafi, wata surukar gidan ta rako mu zaure. Ta tsaya ta duba baya, sannan ta ce akwai abin da take so ta gaya mana. Lokacin tana amarya, uwarta ta zo ganin ta, suka raɓe jikin zanan nan suna wata magana ta gidansu. Sun manta akwai mutum a ƙasa, kuma rijiya tana kwashe magana kamar tulu. Sai da suka gama suka ji ƙarar dagi. Ta ce in da maganar nan ta fita, da aurenta bai kai yau ba. Ta yi shekaru in ta ga an yi ƙus-ƙus sai gabanta ya faɗi. Yanzu 'ya'yanta biyar, ba ta taɓa jin ta a bakin kowa ba. Ta ce, "Ban taɓa yi mashi godiya ba, don in na yi, na nuna na san ya ji." Ba ta gaya mana maganar ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A mota Barakatu ta matso ta ce, "Inna, ke ya gaya maki?"

Na ce, "Ni? Mutumin da in na ce me ake ciki a gidan wane, sai ya ce ruwansu da daɗi? Na sha yin fushi da shi a kan haka. Mijin kowa na kawo labari, nawa sai laka."

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta koma kuka. Na bar ta.

Haka muka yi ta bi, gida bakwai ko takwas, ban riƙe ba. Ba duka ne suka yi dogon zance ba. Wani gidan ruwa kawai aka ba mu aka ce na rijiyarshi ne. Wata mata ma ƙorafi ta yi, ta ce ya cika cin goro yana tofarwa a zaure. Da bana ruwa ya ja baya, ko'ina maganar ɗaya ce, wa zai yasa masu, don ba su yarda su sa wani cikin gida ba.

A Funtua muka ƙare, muka biya kantin Pius in gode mashi a kan takardu. Wurinshi marigayi ke sayen siminti. Ya fito daga bayan kanta, ya yi wa Barakatu magana da Turanci mai tsawo, har idonshi ya yi ja. Na ce me ya ce, ta ce ba komai. Sai da muka kusa gida ta ce, "Cewa ya yi shekarar da ya bar matarshi da jariri ya tafi ganin gida, Baba na haƙa masu rijiya, bai yi tunanin komai ba har ya dawo. Ya faɗi kalmar nan ta Inna Hansai."

Na ce, "Ta takalmi?"

Ta ce, "Inna, ki daina ce mata haka."

Ta koma makaranta makon jiya. Ba ta ce mani komai a kan suna ba, ni ma na kame bakina, ko da yake da ƙyar. Ki taya ni addu'a.

Taki,
Lauratu

*

Maska,
4 ga Disamba, 1983.

Hansai,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga amsarki da maganin ido, na gode, yana yi mani aiki. Mun yi girbi, ba yawa, amma ba za mu yi roƙo ba.

An aika da sunaye. Bari in bi maki a jere.

Ranar wata Asabar sai ga saƙo daga Barakatu, wai ta karɓi izini ta zo Funtua, in same ta gidan Yaya Alhaji. Na hau babur na tafi. Na iske ta a ɗakin Hajiya matarshi, Barakatu ta ce, "Inna, raka ni kawai za ki yi. Kada ki ce komai."

Muka same shi a falonshi yana sauraren rediyo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ran Litinin za a rubuta sunaye, kuma tana neman alfarma a bar mata sunan ubanta.

Ya kashe rediyo. Ya ce, "Na rage ki da wani abu ne?"

Ta ce, "A'a, Baba."

"An wulaƙanta ki a gidan nan?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

"To me sunana ya yi maki? Ni don ke na yi. In kika je neman aiki a Kaduna aka ga Maiwada, za a ce ki zauna. Wa ya san ɗan'uwana a Kaduna?"

Ta ce, "Ba wanda ya san shi, Baba. Shi ya sa. Kai sunanka na kan shago, yana kan motoci, yana kan su Manu da Aƙilu da duk ƙannena. Shi ni kaɗai gare shi. In an tambaye ni ko wane ne, zan faɗa."

"Ki ce me? Mai haƙar rijiya?"

"Eh, Baba."

Sai ya juyo kaina ya ce, "Lauratu, ke kika kitsa mata wannan."

An ce kada in yi magana, amma an tambaye ni. Na ce, "Yaya Alhaji, ban kitsa ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi."

Ya kau da kai. Sannan ya ce mu tashi mu ba shi wuri.

Ran Litinin ta rubuta da hannunta, malamarsu ta sa hannu. Tun daga ranar bai amsa gaisuwata ba. Kayan shayi da sabulun da yake aika mata duk wata bai aika ba, Hajiya ce ta saci hanya ta ba direba garin kwaki da sukari. Na koma yin ƙuli da man gyaɗa ina ba yara talla, muna lallaɓawa. Kuɗin makaranta dai bai janye ba, in faɗi gaskiyarshi.

Kin ce kada in ɓata da shi, ga shi an ɓata. Ina jin zafin haka, don mutumin nan ya yi mana abin da ba kowa zai yi ba, kuma na ga kamar ba fushi ne kaɗai a fuskarshi ba. Amma Hansai, ranar nan da muka fito ƙofar gidan, ji na yi kamar an sauke mani dami. Na saya mana rake muka sha a tasha, a tsaye, mutane na kallo.

Taki,
Lauratu

*

Maska,
22 ga Yuli, 1984.

'Yar'uwata Hansai,

Barka da Sallah, ko da ta wuce. Ina fatan Malam ya samu sauƙin ƙafar. Mu lafiya lau, bana ruwa ya fara da kyau. Na yi jinkirin amsa takardarki ta watan azumi don ina jiran in samu abin faɗa. Yanzu na samu.

An yi bikin sallamar su Barakatu ranar Alhamis. Na sa atamfar da kika aiko, na hau motar farko zuwa Malumfashi. An kafa rumfa a filin makaranta, manya a gaba kan kujeru masu hannu, mu iyaye mata can baya kan benci. Ina zama sai na hango Yaya Alhaji a sahun farko da babbar riga. Ashe shi aka roƙa ya miƙa kyaututtuka, don ya ba makarantar buhunan masara lokacin da abinci ya yi wuya. Tun maganar sunan nan ba mu haɗa ido ba. Na ce a raina, yau ko dai a yi ta ko a fasa.

Aka yi jawabai da Turanci, na tsinci abin da na tsinta. Sai aka fara kira. Barakatu ba ta gaya mani tana da kyauta ba, ta biyu ta zo a lissafi. Ina gyara ɗankwali sai na ji lasifika ta ce, "Barakatu Mudi."

Hansai, tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa faɗin sunan nan da bakina ba, kin san al'ada. Ga shi ana faɗa da ƙarfi, har bangon ɗakunan kwana na maidowa.

Ta taso tana tafiya a miƙe. Daga cikin 'yan ajinsu na ji wata ta ce 'Yar Taɓo, wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ba ta waiga ba. Ta isa gaban Yaya Alhaji ta durƙusa. Yana riƙe da littafin kyautar, bai miƙa ba. Shugabar makaranta ta dube shi, mai kira ya dube shi. Ni na riƙe bencin da hannu biyu.

Sai ya miƙa hannu ya karɓi abin maganar daga mai kira. Ya yi gyaran murya, ya ce da Hausa, "Wannan ɗiyar ƙanena ce. Rijiya yake haƙa, a cikinta ya rasu bara. Duk wanda ya sha ruwa tsakanin Maska da Bakori ya san shi. Ya fi ni." Ya ce, "Ku yi mashi addu'a."

Filin nan gaba ɗaya, manya da yara da malamai, har Kiristocin cikinsu, aka ce Allah ya jiƙanshi. Wata mata kusa da ni, ban san ta ba, ta ce, "Af, Kwaɗo? Ai shi ya yi ta gidanmu." Ta ɗaga hannu tana shafawa.

Ni kuwa na buɗe baki in ce amin, ba abin da ya fito.

Da aka tashi Yaya Alhaji ya aiko direba ya ce in zo a sauke ni. Na shiga baya, ni da Barakatu da akwatinta. Yaya Alhaji yana gaba kusa da direba, muka bar gari. Sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Lauratu, an ce kina ƙuli. Ki aiko mani in ɗanɗana." Na ce to, Yaya Alhaji. A nan ne amin ɗin ta fito, ni kaɗai, ina kallon gonaki ta taga.

Barakatu tana gaishe ki. Ta ce za ta rubuto maki da kanta, da Turanci, kuma wai ki shirya jan biro. Takardar sakamako sai nan gaba, amma sunan ya riga ya tafi.

Ki gaida Malam da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Lauratu